Katako Shida na Lammert

Washar, ɗan zoben ƙarfen da ake sa wa noti, ta suɓuce daga yatsun Geesje, ta gangara ƙarƙashin teburin aiki, ta nutse a cikin garin katako.

"Ta biyu ke nan," in ji Lammert daga kujerarsa. "Kuma biyu suka sako a ledar."

"To sauko ka nemo ta mana."

"Shekara talatin kina rabon wasiƙu da waɗannan yatsun. Yau na gane abin da ya sa rabin garin nan ba sa samun nasu."

Geesje Wiering ta durƙusa a kan siminti mai sanyi ta shiga lalube. Shekarunta sittin da huɗu, gwiwoyinta ba sa son irin wannan aiki. Maƙwabcinta Lammert Oosting ya girme ta da shekara goma sha bakwai. Kafinta ne tun yana saurayi, kuma da wuya a sami gida a layinsu da babu ƙofa ko taga ko matakala ta hannunsa. A watan Oktoba hannunsa na hagu ya shanye. A Janairu likita ya gano ciwo a hantarsa, ya ce makonni suka rage, bai faɗi nawa ba.

Ta samo washar a jikin ƙafar teburin, ta hure ta, ta miƙe da ƙyar.

A kan teburin an riga an kafa na'urar da ya saya makon jiya, wani dunƙulen roba shuɗi mai ramuka uku da abin matsewa. Ana tsayar da katako a ciki a matse shi, ramin ya ja bakin injin huda ya shiga a karkace, yadda sukuru zai ɓuya a cikin naman katakon ya kama na kusa da shi ta ciki. Amma katakon Lammert dogaye ne, mita biyu har da ɗoriya. Da ya tsayar da ɗaya sai ƙarshen ya rinjaya ƙasa. A da matarsa Hillie ce ke riƙe masa ƙarshen katako. Shi ya sa ya sake aikawa aka kawo matokari, wanda ya iso da safiyar nan a leda, gunduwa-gunduwa, da takardar bayani mai hotuna. Haɗa shi kuma sai da hannu biyu.

"Notin mai faffaɗan kai ta ƙasa yake shiga," in ji shi. "Ki zura shi a tsagar. A'a, maƙwabciya, ta ƙasa na ce."

"Hoton bai nuna haka ba."

"Kin juya takardar."

Ta juyo ta. Notin ya shiga. Ta ɗora ɗan hannun roba a kai, wanda zai tare bakin katako don kowace huda ta faɗa wuri ɗaya, ta sa washa, ta murɗa ƙullin da ke ɗaure su. Lammert ya miƙo hannunsa mai lafiya ya taɓa ɗan hannun da yatsa. Bai motsa ba.

"Kin shaƙe shi. Ya kamata ya riƙa tashi yana kwanciya. Sassauta kaɗan. Kaɗan na ce, ba ki kwance duka ba."

"Allah ya jiƙan Hillie. Ban san me ta sha ba sai yau."

"Hillie sau ɗaya ake faɗa mata."

Da aka gama, ya sa ta ɗora dogon ƙarfen awo daga na'urar zuwa matokarin, don a tabbata tsayinsu ɗaya. Ya tashi da kansa, ya jingina da teburin, ya rufe ido ɗaya ya duba. Ya ce ta matsa shi tsawon yatsa biyu, sannan ta kafa shi da sukuru huɗu. Ta ɗauko katako ɗaya daga cikin shidan da ke jingine a bango, ta tsayar. Ƙarshen ya zauna daram a kan matokarin. Ta saki hannu. Katakon bai motsa ba.

Lammert ya daɗe yana kallonsa.

"Yuro goma sha tara," in ji shi. "Kuma ba ya musu."

Ƙarfe goma ta cika, Geesje ta shiga kicin ɗinsa ta haɗo kofi, ta kawo da biskit biyu. Ya karɓi kofin, biskit ɗin ya bar shi a faranti. A nan ne ta faɗi abin da ke cin ta tun ranar da ta ga na'urar.

"Ba za su yarda ba, Lammert."

"Su wa?"

"Ka san su wa."

Ya sani. Shekara uku da suka wuce an binne Hillie a maƙabartar da ke cikin kurmin bayan gari, inda ba a kafa dutse, kuma ba a yarda wani abu ya shiga ƙasa ba sai wanda zai ruɓe. Ba ƙarfe, ba roba, ba fenti. Lammert ne ya yi mata akwatin da hannunsa cikin kwana huɗu, daga katakon wata tsohuwar bishiya da guguwa ta kayar a bayan gidansu. Babu ƙusa ko ɗaya. Kowace kusurwa ya sassaƙa ta haƙori-haƙori, katako ya shiga cikin katako kamar yatsun hannu biyu. Mutane sun yi ta shafa shi a wurin jana'izar. Ya sayi gurbin da ke kusa da nata, ya ajiye katako shida da suka rage don nasa. Ya yi zaton yana da lokaci. Yanzu cizal ɗin sassaƙa ba ya riƙuwa da hannu ɗaya.

"Ramukan ta ciki suke," in ji shi. "Kowanne zan toshe shi da ɗan katako in goge. Wa zai gani? Tsutsa?"

"Kai fa ka ce wannan na'ura ta masu wasa da katako ce ranar Asabar. Da kunnena na ji ka faɗa wa maƙwabcinka Wubbe."

"Na faɗa. Gaskiya ce kuma."

"To ka kira wani kafinta ya yanka maka haƙoran."

"In wani ya yanka, nasa ne." Ya ajiye kofin. "Ita tana cikin aikina. Ni ma a cikin aikina zan kwanta, ko da aikin banza ne. Za ki riƙe mini ko in kira Wubbe ya zo ya huda yatsansa?"

 Gidan Geesje ne na farko ta hannun dama, don haka bisa al'adar garin, ko ta so ko ta ƙi tana cikin maƙwabta shida da za su ɗauke shi. In an tsayar da akwatin a ƙofar maƙabarta, a kafaɗarta za a tsayar da shi. Ta tattara kofunan.

"Gobe ƙarfe tara," in ji ta.

Washegari Laraba suka fara huda. A kan bakin injin akwai wani zobe da ke hana shi wuce iyaka, kuma ana saita shi daidai da kaurin katako. Takardar ta zo da jadawali, amma duk a inci yake. Geesje ta ciro wayarta za ta lissafa.

"Ajiye wannan," in ji Lammert. "Mutanen da ke auna katako da babban yatsan wani sarkin da ya mutu, su za su koya mini kauri?"

Ya kara bakin injin a gefen katakon, ya duba da ido, ya sa ta ɗaure zoben a inda ya nuna.

"Ba za mu gwada a guntu ba?"

"Gwaji na mai lokaci ne."

Aikin ya tafi da sauri fiye da yadda ta zata. Ta tura katakon har ya taɓa ɗan hannun matokarin, ta matse, shi kuma ya danna injin da hannun dama, ƙirjinsa jingine da teburin. Gari ya fito fari, ɗakin ya cika da ƙamshin itace. Ta ɗaga ɗan hannun, ta tura gaba, ta sake matsewa. Kafin sha ɗaya sun yi huda ashirin da huɗu, duk a jere, kowace daidai da 'yar'uwarta. Fuskar Lammert ta yi ja, har yana 'yar waƙa a maƙogwaro.

Sai suka haɗa gefe ɗaya da katakon wajen kai. Geesje ta riƙe kusurwar, ya ɗaura sukuru na farko. Ta ji wani abu ya soki tafin hannunta. Ta ɗaga. Tsinin sukurun ya ɓullo ta waje, ya tsaga fuskar katakon, ya tayar da wata 'yar ɓaraka tsawon farce.

Lammert ya saki injin. Ya dubi tsinin, ya dubi sauran ramukan ashirin da uku.

"Duk sun yi zurfi," in ji shi.

"Ba a gyarawa?"

"Gajerun sukurori. Su za a sa." Ya koma kujerarsa a hankali. "Shekara sittin da biyar idon nan bai taɓa yi mini ƙarya ba."

"Zan je garin Assen in sayo."

"Ki wanke hannunki tukuna. Kina ɗigar mini da jini a katako."

Shagon farko ba su da irin waɗannan sukurorin. Na biyu suka ce sai Juma'a. Ranar Juma'a ta dawo da su da rana tsaka, ta tarar ɗakin aikin a rufe, da motar ma'aikaciyar jinya a ƙofar gida. Lammert ya faɗi a matakala da safe. Bai karye ba, amma an kawo gadon asibiti an kafa a falo, kusa da tagar da ke kallon lambu, an ce ba zai sake hawa sama ba.

Da yamma 'yarsa Annelien ta iso daga garin Zwolle. Malamar makaranta ce, doguwa kamar uwarta, ba ta da yawan magana. Ta tarar da Geesje a kicin tana ɗumama miyar wake da tsiran alade.

"Ya ce kina taimaka masa da wani aiki."

"Akwatin."

"Na sani." Annelien ta cire rigar ruwanta. "Zai gama?"

"Ba shi zai gama ba."

"Irin na Mama ne?"

Geesje ta ci gaba da juya miyar. "Katakon iri ɗaya ne," in ji ta.

Daga ranar aikin ya koma hannunta. Kullum da safe takan shiga falo ya ba ta umarni, ta tafi ɗakin aiki ta yi, ta dawo ta faɗa masa yadda aka ƙare. Ta bar ƙofar a buɗe don ya riƙa jin ƙarar injin. Daga ƙarar kaɗai yake sanin abin da ta yi.

"Kin danna da yawa a na uku," yakan ce, idonsa a rufe. "Na ji ya yi kuka."

"Katako ba ya kuka, tsoho."

"Naki ba ya yi. Nawa yana yi."

Sauran ramukan, na katakon ƙasa, ita kaɗai ta huda su, bayan ya yarda ta yi lissafin da waya. Matokarin ya riƙe mata ƙarshen, bai taɓa gocewa ba. Ɓarakar da sukurun ya yi ta cike ta da gam da garin katako kamar yadda ya ce, ta goge. Wurin ya ɗan fi sauran duhu. Da ya tambaya, ta ce ba a gani.

Ranar Litinin akwatin ya tsaya da gefuna huɗu da ƙasa. Wubbe Kuipers, maƙwabcin hagu, tsohon direban tankar madara, ya zo ya taya ta juya shi. Ya leƙa ciki ya yi fito.

"Lammert Oosting da sukuru. Na ga abin da ban taɓa gani ba."

"Ba ka ga komai ba," in ji Geesje.

"Ban ga komai ba. Idona ma ba shi da kyau." Ya buga gefen da tafin hannu. "Amma ya yi ƙarfi fa. Ko ni zai ɗauka."

Lammert ya so ya gani. Suka ɗauko akwatin su biyu, suka ratsa lambu cikin yayyafi, suka jingina shi a jikin tagar falo ta waje. Annelien ta ɗaga kan gadon. Fatarsa ta riga ta yi rawaya, idanun sun faɗa. Ya kalli akwatin daga sama har ƙasa, ya ɗaga yatsa ya nuna kusurwar hagu. Geesje ta shigo da takalminta jiƙe.

"Me kuma?"

"Ta buɗe baki. Takarda za ta shiga."

"Takarda ba za ta shiga ba."

"Gwada."

Ta ɗauki ambulan daga kan tebur ta fita ta gwada. Ya shiga. Ta gilashin taga ta ga kafaɗunsa suna motsi, dariya yake yi ba sauti.

Saura toshe ramuka da murfi. Toshewa aiki ne mai cin lokaci: a shafa gam, a tura ɗan katakon, a jira ya bushe, a yanke, a goge. Ramuka hamsin da shida ne. Ranar Talata ta yi ashirin. Ranar Laraba ta yi goma sha huɗu, don Lammert ya daina cin komai kuma Annelien ta roƙe ta ta zauna da shi don ita ta samu ta runtsa. Bai yi magana sosai ba. Sau ɗaya ya buɗe ido ya ce, "Murfin fa?"

"Ban taɓa shi ba. Ka ce kada in taɓa sai ka nuna mini."

"Sanda uku ta ciki. A gicciye." Ta zaci ya koma barci, sai ya ƙara da cewa, "Kada ki bar Wubbe ya riƙe injin."

Ranar Alhamis da safe, ƙarfe sha ɗaya saura, Geesje tana goge toshiya ta arba'in sai ta ga Annelien tsaye a ƙofar ɗakin aikin, ba rigar sanyi, hannuwanta a naɗe.

"Ki kashe rediyon," in ji ta.

Geesje ta kashe.

"Ya tafi. Na je ɗauko masa ruwa ne."

Suka shiga tare. Geesje ta rufe masa baki, ta naɗe tawul ta tokare masa haɓa, kamar yadda ta yi wa mijinta. Hannunta ya bar farin gari a wuyan rigarsa, ta karkaɗe. Sannan ta fita ta bi gidajen maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, uku ta dama, uku ta hagu, ta faɗa musu a bakin ƙofa.

Mai shirya jana'iza ta zo ƙarfe biyu. Sunanta Madam Tiemens, mace ce 'yar gajera mai toka-tokan kaya da jaka mai faɗi. Ita ta shirya ta Hillie. Ta zauna da Annelien a kicin suka tsayar da ranar Litinin don jana'izar, sannan ta ce a nuna mata akwatin.

"Na tuna na matarsa," in ji ta a hanya. "Har yau ina ba abokan aikina labarinsa."

Geesje ta riga ta shimfiɗa farin zanen gado a ciki. Madam Tiemens ta zagaya akwatin sau ɗaya, tana bin gefen da yatsa. A wajen kai ta tsaya, a kan tabon nan mai duhu. Ta dubi kusurwoyin da babu haƙori. Ta ɗaga bakin zanen.

Toshiyoyin suna jere a ciki, dogaye kamar ƙwayar kankana, kowace ta fito fili a jikin katakon. A can wajen ƙafa ramuka goma sha shida suna buɗe, kawunan sukurori suna ƙyalli a ciki.

"Na sama katako ne zalla," in ji Geesje. "Turaku ne. Na ƙasan nan zan cire su."

Madam Tiemens ba ta dube ta ba. Ta mayar da zanen ta daidaita shi.

"Madam Wiering, kusan kowane wata ina ganin irin waɗannan ramukan. Duk wanda ya sayi na'urar nan yana zaton shi ya fara tunanin."

Annelien tana tsaye a baya. "Sukurori ne?" in ji ta. "Baba?"



"In an rufe murfin ba wanda zai ɗaga," in ji Geesje. "Shekara tamanin da ɗaya. Rabin ƙofofin garin nan shi ya yi. Ke ma kin san shi."

"Na san shi. Amma ni zan sa hannu a takarda in ce babu ƙarfe. Kuma akwatin da aka yi a gida suna duba shi a ƙofa, da maganaɗisu. In suka ƙi shi a can, mutane hamsin na tsaye, shi yana ciki, me za mu yi?"

"In aka cire sukurorin aka sa turaku da gam fa?"

"Arba'in kin riga kin liƙe su. Sai an fasa. Kuma ramin da ya shiga a karkace ba zai riƙe turke ba, mijina kafinta ne, na sani. Mutum shida za su ɗauka a hanyar kurmi mai gargada. Ba zan yarda gindin ya zube ba."

"To a wata maƙabartar?" in ji Annelien, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ta coci ba ruwansu da ƙarfe."

"Ba ruwansu. Sai dai mahaifiyarki ba a can take ba."

 Ruwa na sauka a kan kwanon rufi.

"Wanne zai zaɓa, Anti Geesje?" in ji Annelien. Rabon da ta kira ta haka tun tana firamare. "Ke kika zauna da shi."

Geesje ta dubi akwatin. Kwana takwas ta yi a kansa, yatsunta duk gam.

"Hillie," in ji ta.

Madam Tiemens ta buɗe jakarta ta fito da littafin hotuna. Akwai na kwali, akwai na danyen katako daga masana'anta, akwai wanda aka saƙa da rassan itace kamar kwando. Annelien ta ce ba za ta sa ubanta a katakon wani ba, ta nuna saƙaƙƙen. Za a kawo ranar Asabar.

Madam Tiemens ta kai ƙofa Geesje ta tsayar da ita. Ta nuna katakon da ke jingine shi kaɗai a bango, wanda aka ajiye don murfi.

"Wancan ba a huda shi ba. Ko rami ɗaya babu. In aka shimfiɗa shi a ƙasan kwandon, ya kwanta a kai, akwai dokar da ta hana?"

Matar ta je ta juya katakon, ta duba gaba da baya.

"Babu," in ji ta. "In zai shiga."

Ranar Asabar da aka kawo kwandon, katakon bai shiga ba. Ya fi shi tsawo da santimita bakwai, kuma kwandon ya tsuke ta wajen ƙafa. Wubbe ya ce zai kawo zartonsa na lantarki. Geesje ta ce ya bari. Ta ciro zarton hannu daga bango, mai mariƙin da ya yi baƙi don riƙo, ta ja layi da fensir. Annelien ta riƙe ƙarshen.

Ba ta taɓa yanka katako mai kauri haka ba. Zarton ya yi ta tsalle kafin ya kama, da ya kama kuma ya bar layin ya karkata dama. Ta yi ƙoƙarin dawo da shi, ya ƙi. Sau biyu ta tsaya ta huta. Da guntun ya faɗi, bakin ya fito a karkace, da tsage-tsage a gefe ɗaya. Kusurwoyin ƙafa ma ta rage su, ba su zo daidai ba.

"Da ya gani," in ji Annelien.

"Da ya ce in koma rabon wasiƙu."

Annelien ta yi wata 'yar dariya, ta juya baya ta tsaya haka na ɗan lokaci. Geesje ta ɗauki takardar guga ta shiga goge bakin, amma karkatar ba ta goguwa. Suka kai shi falo, inda kwandon yake. Ya shiga da ƙyar, sai da aka danna.

Akwatin kuwa Annelien ta ce ba ta san yadda za ta yi da shi ba. Ba zai shiga motarta ba, kuma gidan za a sa shi kasuwa kafin bazara. Wubbe ya ce a bar shi tukuna. Aka rufe ɗakin aikin da shi a ciki, a kan bencinan yankan katako biyu, ba murfi.

Ranar Litinin ruwa ya ɗauke da hantsi, amma hanyar kurmin duk taɓo ce. A ƙofar maƙabartar wani mutum mai koren kwat ya karɓi takarda daga hannun Madam Tiemens, ya dubi kwandon sau ɗaya, ya ɗaga kai alamar a wuce. Maƙwabta shida suka kama igiyoyin da ke gefe. Geesje tana hagu ta wajen ƙafa, Wubbe yana gabanta yana haki.

Lammert bai da nauyi. Kwandon yana ƙara a kowane taku, wata siririyar ƙara ta busassun rassa, amma tsakiyarsa ba ta lotsa ba. A inda hanyar ta gangara, Geesje ta sa ɗaya hannun ta tallafi ƙasan don kada ya zame. Ta tsakanin saƙar, yatsunta suka taɓa bakin katakon da ta yanka, mai kaushi, a karkace. Ta bar hannun a wurin har suka isa ramin.